Ranar da Injinmu na Niƙa Ya Yi Shiru

Shekara huɗu ke nan ina sana'ar niƙa, kuma a wurina wannan ya isa a kira ni dattijo. A takarda shekaruna sha bakwai, amma kunnuwana sun kai saba'in. Gashin kaina kuwa ya yi furfura tun ina aji biyu na sakandare, sai dai furfurar takan fita idan na yi wanka. Don haka ku yaran da kuke zuwa da kwanon hatsi, ku tsaya bakin rumfa kuna cewa, "Nafi'u ya huta, zubawa kawai yake yi inji na aiki," ku ajiye kwanonin ku saurara. Ni ma da haka na ɗauka.

Aikin farko da kakana Baba Altine ya ba ni shi ne tada inji. Injin namu tsoho ne mai shan gas, ya girmi babana, wasu ma sun ce ya girmi titin Bodinga. Ba shi da makulli, ba shi da maɓalli. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da muke kira hannu. Za ka zura shi a gefe ka wana, ka wana, har ka ji injin ya fara tari kamar tsoho ya shaƙi taba, sannan ka zare hannun da sauri. Baba ya faɗa mini komai ban da maganar zarewa. Injin ya tashi, ya fizge hannun, ya wurga shi sama. Har yau akwai ɓula a kwanon rumfarmu, ta nan muke duba hadari da damina. Hannun kuwa a akurkin maƙwabta aka tsinto shi, kuma kazar gidan ba ta sake yin ƙwai ba sai bayan Sallah.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai bel, doguwar robar da ke haɗa inji da maniƙa. Akwai faranti biyu masu haƙora a cikin maniƙar, su ke murƙushe hatsi. Akwai durom na ruwa da ke sanyaya injin, akwai sifana biyu, ɗaya ta gaske, ɗaya kuma dutse ne. Sai sandar awo, wani reshen darbejiya da Baba ya yi wa tsaga-tsaga, wanda ake zurawa a tanki a ga inda mai ya tsaya. Wannan sandar ta fi ni daraja a gidanmu. Ni ana iya aikena kasuwa, ita ba ta fita.

Niƙan da ba zan manta ba shi ne na sunan gidan Inna Mairo, maƙwabciyarmu. Da safe na niƙa wa wata mata barkono, na share maniƙar sama-sama don ina sauri, sai na zuba geron kunun suna. Ban san abin da na aikata ba sai da azahar, lokacin da na ji unguwa ta ɗauki atishawa gida-gida kamar ana karɓa-karɓa. An ce har jaririn sai da ya yi. Daga ranar na san cewa barkono shi ne ƙarshen niƙa, kuma kowane gida da irin garinsa. Wata tana son laushi kamar hoda. Wata ɓarza take so. Wata kuma ko me ka yi mata za ta aiko yaro ya ce, "An ce wanga gari bai yi ba." Kuma duk waɗannan matan ban taɓa ganin fuskar yawancinsu ba, don ba sa fita. Kwanoninsu na sani. Idan ka nuna mini murfin kwano zan gaya maka halin mai shi.

To a nan ne maganar take. Tun da matan ba sa fitowa, da kunne suke ciniki da mu. Ƙauyenmu, can tsakanin Bodinga da Danchadi, ya saba da ƙarar injin Baba tun kafin a haife ni. Ana tada shi da hantsi, ba a kashe shi sai rana ta kusa faɗuwa, ko da niƙa ko babu. Mace tana cikin gida, ta ji tuf-tuf-tuf, ta san ana nan, duk lokacin da ta gama surfe sai ta aiko. Da ƙarar ake sanin lokacin ɗora tukunya, da ita ake lallashin jarirai. Abu uku kaɗai ke sa injin ya yi shiru da rana: sallar Juma'a, ranar Idi, da rasuwa. Ku riƙe wannan na ukun, za mu dawo kansa.

Shekarar da gas ya yi tsada ita ce muguwar shekararmu. Jarkar da a da muke sayowa ba tare da tunani ba, ta koma sai Baba ya zauna ya yi tagumi kafin a je sayo ta. Injin kuwa bai ji labarin tsadar ba. Sha yake yi kamar raƙumi, yana fitar da baƙin hayaƙin da ya mai da darbejiyar ƙofar gidanmu kamar an yi mata lalle da gawayi. Niƙan da a da ake zubawa sau ɗaya, ya koma sai an maimaita sau uku kafin ya yi laushi. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya fara zagayowa da kurarsa yana gaishe da Baba, amma idonsa na kan injin, irin kallon da mahauci ke yi wa sa.

Ana cikin haka mai unguwa ya yi shela cewa ƙaramar hukuma tana kiran duk masu inji zuwa Bodinga: masu niƙa, masu casar shinkafa, masu walda, masu buga bulo. An ce taro ne a kan yadda za a rage wahalar mai. Baba yana fama da zazzaɓi a makon, sai ya tura ni. Kafin in fita ya ce, "Ɗauki jarka biyu. In anka fara rabo, kar ka tsaya gaisuwa."

Na isa na tarar ba ni kaɗai ke da wayo ba. Kowa da jarkarsa. Wani mai walda ma durom ya ɗauro a bayan babur. Muka zauna a kan benci, kowa ya rungume tasa kamar jariri, muna jiran tankar mai.

Babu tankar da ta zo. Wata mata ce ta zo, doguwa, da hijabi ruwan toka da jakar kayan aiki, aka ce sunanta Injiniya Rabi. Ta dube mu, ta dubi jarkokin, ta danne dariya. Ta ce ba ta zo da mai ba. Ta ce da yawa daga cikin man da muke nema yana nan a rumfunanmu, muna ƙona shi ba a kan aiki ba. Ta yi maganar bel mai sako-sako, da haƙoran da suka dushe, da injin da ke gudu babu kaya. Ta ce an ba ta aikin ta bi rumfa-rumfa ta duba, kyauta, duk wanda yake so ya ba da sunansa.

Ni dai ban fahimta ba. Na juya na tambayi mai durom, "Baba, yaushe za a fara rabon?"

Ya ce, "Ni ma shi nike jira. Ina jin sai ta ƙare wa'azi."

Ta ƙare, aka shafa fatiha, aka watse. Na ba da sunanmu ne kawai don na zaci jerin waɗanda za a ba mai daga baya ne. Na koma gida da jarka biyu babu komai. Baba ya ɗaga su ya girgiza, ya dube ni.

"Shaƙiyyi, sayar da shi kay yi a hanya?"

"Wallahi Tsoho, magana kawai anka raba."

"To zuba maganar a tanki mu gani."

Bayan kwana biyu sai ga Injiniya a ƙofar rumfarmu. Ta yi sallama sau uku ba wanda ya ji, don injin na gudu. Babu kwano ko ɗaya a layi, ni kuma ina kwance a kan buhu ina cin gyaɗa. Ta yi mini alama da hannu, na fito.

Ta ce, "Mi kake niƙawa yanzu?"

Na ce, "Iska, ranki ya daɗe."

Ta sa na kashe injin na ɗan lokaci, abin da ya sa Baba ya fito daga zaure da bargo a kafaɗa yana salati. Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, sannan ta sa safar hannu. Ta danna bel da yatsa, ya lotsa kamar igiyar shanya. Ta buɗe inda injin ke shaƙar iska, ta zazzago garin da zai isa tuwon gidan mai unguwa. Ta ce injin namu kamar mutum ne da aka toshe wa hanci aka ce ya yi gudu. Sannan ta sa na kwance maniƙar, ta shafa faranti.

"Baba, waɗanga haƙora yaushe rabon da a gyara su?"

Baba ya ce, "Haƙora? Nawa ma sun zube ban kai su gyara ba."

Ta yi dariya, ta ce akwai wani maƙeri a kasuwar Shagari da aka koya wa fiƙe haƙoran faranti, ta rubuta mini kwatancen rumfarsa. Har nan Baba yana gyaɗa kai. Sai ta zo kan babbar magana. Ta ce a daina barin inji yana gudu babu kaya. A tara niƙa, a tada shi sau biyu ko uku a yini, a gama, a kashe.

Baba ya gyara bargonsa. Ya ce, "Ɗiyata, kin yi karatu, Allah shi yi albarka. Amma wanga inji ba a kashe shi da rana."

"Don mi, Baba?"

"Don ba a kashe shi."

Ta dube ni ko zan yi bayani. Ni kuwa a lokacin ban taɓa tunanin dalilin ba. Kamar a tambaye ka don me ake sa hula a ka. Na ɗaga kafaɗa. Ta ɗaure mana bel, ta wanke mashaƙar iskar, ta ce za ta sake zagayowa.

Da ta tafi, Baba ya kira ni zaure. Ya nuna jarkar gas ɗaya da ta rage a lungu. Ya ce wannan ita ce ta ƙarshe. In ta kai mu ranar kasuwar Bodinga, za mu ci gaba. In ta ƙare kafin nan, mai kura zai zo ya kwashe injin, ni kuma in tafi fadama wurin kawuna in yi ban-ruwan albasa. Kwana shida ya rage, kuma a yadda injin ke sha, jarka ba ta wuce kwana huɗu.

Ku da ba ku san fadamar kawuna ba, sauron can sai ya yi sallama kafin ya cije ka, don ya san ba inda za ka. Na kwana biyu ina zura sanda a tanki, ina ganin man yana sauka, ina jin ƙaiƙayi a ƙafafuna tun kafin in je.

A rana ta uku na yanke shawara. Kakata Inna Hajo ta tafi suna Dingyadi tun da sassafe. Baba ya sha maganin zazzaɓi, ya kwanta a tsakar gida ƙarƙashin inuwa, ya lulluɓa da farin mayafi tun daga kai har ƙafa saboda ƙuda, kamar yadda ya saba. Shekara arba'in a gindin inji ta sa ko ganga aka buga a kansa ba ya ji. Na ce a raina, in je Shagari in dawo kafin ya farka, ba wanda zai sani. Na niƙe ɗan abin da ke layi, na kashe injin da hantsi, na kwance faranti biyu, na haɗa da wani tsoho da ke jingine a lungu, na ja ƙofar rumfa na sa kwaɗo. Na hau bas ina jin kaina injiniya.

Maƙerin Shagari mutumin kirki ne, ba ya son surutu. Ya kafa farantin a gabansa, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da injin wasa ƙarfe, tartsatsi na tashi, har suka fito da kaifi kamar sababbi. Na ukun ya ƙwanƙwasa shi, ya ji ƙararsa, ya ce wannan ya tsage, sai dai a yi ƙararrawa da shi. Na ɗaure su duka a buhu na nufi tasha.

Ina isa tasha na ji an rungumo ni ta baya da kuka. Gwaggo Ige ce, ƙanwar babana da ke aure a Shagari. Mayafinta a karkace, takalminta ƙafa ɗaya nata, ƙafa ɗaya na mijinta.

"Nafi'u! Kai anka aiko ka ɗauke ni? Wayyo Baba! Wayyo ni Ige, na zama marainiya!"

Na ce, "Gwaggo, mi ya faru?"

"Ba ka sani ba? Baba ya rasu!"

Buhun ya faɗi a kan ƙafata ban ji zafi ba. Mutumin da na bari yana minshari. Na fashe da kuka, kuka na gaske, har da majina. Mutanen tasha suka taru suna ba mu haƙuri, direba ya ba mu gidan gaba, wani mai lemo ya miƙo mini ɗaya kyauta. Na karɓa, don ko a cikin baƙin ciki ban iya ƙin lemo ba.

Sai da muka yi nisa na samu numfashin tambaya. "Gwaggo, wa yag gaya miki? Inna ce?"

"Wayar Inna a kashe take. Mairo ta kira ni."

"Ita Inna Mairo ta shiga gidan?"

"Ina za ta shiga, mijinta bai nan? Ai ba sai ta shiga ba. Inji ya yi shiru tun hantsi, kuma yau ba Juma'a ba. Ta aiki yaro ya leƙa, ya ga rumfa da kwaɗo, ya ga Baba a miƙe an rufe shi da fari."

Na dubi buhun da ke kan cinyata. Buhun ma kamar ya dube ni.

Daga nan har Bodinga ban san abin da zan yi da fuskata ba. In na ci gaba da kuka, wataƙila ƙarya nake yi. In na daina, wataƙila gaskiya ne ya rasu bayan fitowata, tun da dai zazzaɓi yake yi. In na faɗa wa Gwaggo abin da ke cikin buhun, za ta jefo ni ta taga. Sai na riƙa kuka da ido ɗaya, ɗayan yana tunani. Gwaggo ta sake kiran Inna Mairo, ba a ɗauka ba. Ta kira mai unguwa, ba a ɗauka ba. Ta ce, "Ka gani, suna wurin wanka," ta ƙara ƙarfin kukanta. A nan ni ma idon nawa na biyu ya koma kuka.

Daga Bodinga muka hau Keke Napep, muka sauka a bakin unguwa. Ga tabarmi an shimfiɗa a ƙofar gida, ga mutane cike, ga babura a jere. Gwaggo ta zube ƙasa tana birgima. Ni kuwa na ɗaga kai na duba. A tsakiyar tabarmar, jingine da darbejiya, da ƙwaryar fura a gabansa, Baba Altine ne zaune yana lasar ludayi.

Daga baya na ji yadda aka yi. Maza sun taru, liman ya shiga da mutum biyu, ya ɗaga mayafin yana addu'a, sai mamacin ya buɗe ido ya ce a rufe shi ƙuda na damunsa. An ce liman bai tsaya neman ƙofa ba. Da hankali ya dawo aka ce a kira 'yan'uwa a gaya musu kuskure ne, sai Baba ya hana. Ya ce kowa ya ajiye wayarsa. Tun da an riga an kira, yana son ya ga wa zai zo.

Gwaggo ta ɗago kai ta gan shi, ta yi ƙara ta biyu da ta fi ta farko.

Baba ya ce, "Ige, ke ce ta tara. Kin yi ƙoƙari. Amma takalmin wa kika sako?" Ya juya wurin mai unguwa. "Rubuta, Ige ta zaka. Ɗan'uwana na Danchadi har yanzu shiru, ga shi ya fi kowa kusa."

Sannan idonsa ya sauka a kaina, da buhuna.

"Ga wanda yak kashe ni nan. Matso, shaƙiyyi."

Na matsa ina lissafin ta inda zan gudu. Abin da ya cece ni shi ne yunwa. Mutane sun zo daga Shagari, daga Dingyadi, Inna Hajo ta dawo a rikice ta tarar da gida cike da baƙin da dole a ba su tuwo. Kuma duk ƙauyen ba wanda ya yi niƙa tun hantsi. Inna ta dube ni ta ce, "Maigidana, dukan naka sai an jima. Tashi ka ba ni gari."

Na ɗaura farantan da sauri. Na wana injin, ya yi tari ɗaya ya kama. Kafin in juya, kwanoni sun fara fitowa daga kowane lungu, layi tun daga bakin rumfa har masallaci. Niƙan yini guda ya taru a lokaci ɗaya. Na zuba kwanon farko, na tara hannu don in maimaita kamar kullum, sai na ji garin ya fito da laushi tun zubin farko. Na zaci kuskure ne. Na zuba na biyu, haka. Injin da na sani yana nishi yana aman hayaƙi, ya koma yana tafiya sumul kamar an yi masa albishir. Daga la'asar zuwa lokacin da rana ta yi ja, na gama da layin kaf, har da barkono a ƙarshe.

Na kashe injin. Baba ya taso da kansa, da masu ta'aziyyarsa a bayansa, ya ɗauki sandar awo ya zura a tanki. Ya zaro ya duba. Ya goge ta da bakin riga ya sake zurawa. Ya kai ta wajen haske.

"Wa yat taɓa mini sanda?"

"Ba wanda ya taɓa ta, Tsoho."

"To mai kaƙ ƙara."

"Da wane? Jarkar na zaure, je ka ɗaga."

Ya aika aka ɗauko jarkar, ya ɗaga, ya ajiye. Ya dubi sandar, ya dubi injin. Ni kaina ban fahimci yadda aka yi ba. Aiki ɗaya, hatsi ɗaya, amma man da ya sauka bai kai tsaga ɗaya ba, alhali kullum sai ya cinye biyu da wani abu. Har yau in na zauna ina tunanin inda sauran man yake tafiya a da, kaina juyawa yake yi.

Baba ya ce, "Na ji. Yarinyar nan ta yi gaskiya. Amma gobe in ka kashe shi, sake mutuwa zan yi? Kullum Ige za ta zo da takalmin mijinta?"

A nan kowa ya sa baki. Wani ya ce a yi shela a masallaci. Wani ya ce a riƙa aika yara gida-gida. Inna Mairo ta aiko daga bayan katanga cewa ita dai in ba ta ji ƙara ba, ba ta yarda ana nan ba. Ana ta gardama, sai tsagaggen farantin nan ya zame daga buhu ya faɗi a kan sifana. Ƙarar da ya yi sai da awaki suka watse. Baba, wanda ba ya jin ganga, ya waiwaya.

"Mi ne ne wanga?"

Na ce, "Maƙeri ya ce ya mutu, sai dai ƙararrawa."

Ya ce, "To mu biyu ke nan. Rataye shi."

Aka rataye shi a reshen darbejiya. Washegari aka aika gida-gida: niƙa sau uku ne, da hantsi, da bayan azahar, da bayan la'asar, kuma duk wadda ta ji ƙarfe ta aiko. Kwana biyun farko an sha rikici. Wata ta aiko da tsakar rana ta ce ita ba ta san wani ƙarfe ba. 'Yan makarantar allo suka zaci tashi aka yi, suka gudu gida. Jarirai suka ƙi barci don babu tuf-tuf. Amma ranar kasuwa ta zo, jarkar nan da sauran mai a gindinta. Mai kura ya zo ya gaishe da Baba, Baba ya amsa da fara'a, ya ba shi wani tsohon bel da muka daɗe da ajiyewa kyauta don kada ya koma hannu wofi.

Da Injiniya Rabi ta dawo, ta zura sanda, ta duba bel, ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce a wasu wuraren gyaran inji bai ba ta wahala ba, shawo kan masu kawo niƙa su yarda da lokaci shi ne ya gagara. Ta fito da littafi da biro ta ce in gaya mata dalla-dalla yadda muka yi, don ta koya wa sauran masu inji.

Na ce, "Da farko dai, ranki ya daɗe, sai an samu tsoho mai nauyin barci da farin mayafi."

Ta rubuta rabi, ta tsaya, ta dube ni. Na ga ita ma ta shiga irin ruɗun da na shiga a taronsu, sai na ji mun yi daidai.

Yanzu ku yara, ga abin da nake so ku riƙe. Kuna iya taɓa bel in inji a kashe yake. Kuna iya leƙa maniƙa. Sandar awo ma, in Baba ba ya kusa, na yafe muku. Amma ƙarfen da ke jikin darbejiya, kada wanda ya kuskura. Ba na kowa ba ne sai Baba Altine. Shi ke buga shi, sau uku a yini, da sifanarmu ta gaske, kuma ya gaya wa duk ƙauyen a gaban liman: "In kun ji ƙarfe, ku aiko da hatsi. Randa kunka ji shiru, ku zo da kanku, wannan karon ba wasa."

Shi ya sa kuke ganina kowace safiya tsaye a gindin inji, na zura hannu, na riƙe, ban wana ba. Kuna cewa lalaci ne. Jira nake yi. Tsohon yakan ɗauki lokaci kafin ya taso daga zaure, ya nemo takalmi, ya nemo sifana, ya tsaya ya yi tari. Wani lokacin ina jin da gangan yake jinkirtawa don ya ga ko zan leƙo. Na ɗauki buhu, na sha ƙurar barkono, hannun inji ya taɓa kai ni ƙasa, amma a duk sana'ar nan babu aikin da ya kai wannan ɗan tsayuwar nauyi.

Sai in ji ƙarfe ya ɗauka, kwanoni su fara fitowa, ni kuma in wana.